Tubula biyu ko litiyom ɗaya? Neman shawara kafin zafi ya shigo Sakkwato

Baban Ilham (Mabera):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar sola, don kaina ya ɗaure. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janaretana ya zama abin ado, sai in an yi baƙi ko yaro ba lafiya nake tayar da shi. Bazarar bara a tsakar gida muka yi ta kwana, mu da sauro. Na ce bana in Allah ya yarda ba za a sake ba. Na kwashi adashi, na haɗa da ɗan rance daga ƙungiyarmu ta wurin aiki, yanzu ina da miliyan 2 da dubu 300 a hannu.

Mutum biyu suka zo suka duba gidan. Na farko ya ce inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) 3.5kVA, batir tubula (mai ruwa a ciki) 220Ah guda biyu, fanel mai wat 300 guda huɗu, da kuɗin aiki da komai miliyan 1 da dubu 700. Ya ce har esi zan iya kunnawa. Na biyu ya ce shi ya daina sa wa mutane tubula. Batir litiyom guda ɗaya mai yunit 5 (irin yunit na mita), inbata irin waccan, fanel mai wat 550 guda huɗu, miliyan 2 da dubu 900, kuma ko sisi ba ya ragewa.

Kayan gidan su ne fankar sama 4, ƙwan lantarki kamar 10, talabijin da dikoda, sumo na burtsatse, dutsen guga, sai firiza ɗaya da uwargida ke son ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo na sayarwa. Na farkon kuɗina ya isa har da canji. Na biyun sai na nemo dubu 600. Me za ku ce?

Kawu na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, duk wanda yac ce maka batir biyu na ɗaukar esi, ba shi ruwa ya sha ka raka shi bakin ƙofa. Irin wanga zance anka yi mani shekara ukku da sunka wuce. Nis sayi tubula huɗu, ba biyu ba. Wata goma sha huɗu sunka yi, sai ya zan ƙarfe goma sha ɗaya na dare inbata na kuka kamar ɗan akuya. Niz zo ina neman yaron da yas sa mani, waya ba ta shiga har yau. Baturan na nan bayan ɗaki, jikoki na zama bisa.

Abu Sumayya:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, amma kada a yi wa tubula kuɗin goro. Nawa biyu ne, wannan shekara ta uku ke nan, kuma har yanzu suna kai ni asuba. Bambancin kawai ina duba ruwansu duk wata, kuma ban ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba. Kawu, tsakaninka da Allah, sau nawa ka taɓa ƙara musu ruwa?

Kawu na Runjin Sambo:
Wane ruwa kuma? Ba wanda yag gaya mani ana ba batir ruwa.

Abu Sumayya:
To ka gani.

Maman Walid (Arkilla):
Ni dai ta ɓangaren firizar zan yi magana, don ita ce sana'ata shekara biyar. Baban Ilham, ka gaya wa Maman Ilham ƙanƙara da rana ake yin ta. Ni ina zuba ruwa tun da sassafe, ƙarfe takwas in kunna, ta yi ta aiki har bayan la'asar. Kafin magariba na kashe, in lulluɓe ta da tsohon bargo, ba mai buɗe mini ita sai da safe. In firizar na da lafiya kuma robar bakinta ba ta saki ba, za ka tarar da komai daskare. Masu barin ta kwana kunne su ne ke kashe batir sannan su ce sola ƙarya ce.

Lokacin da aka lalata layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna a watan Oktoban 2024, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, ai ni a unguwarmu layi ake yi a ƙofar gidana. Har masu shayi da masu kifi suna aiko yara. Ban ji daɗin halin da mutane suka shiga ba, amma a lokacin ne na gane abin da na saya.

Injiniya (Gawon Nama):
Salam. Ni aikina ke nan, amma ba talla na zo yi ba, kuma ban san ko ɗaya daga cikin mutum biyun ba. Malam, ka bar maganar kVA tukuna. Yawancin mutanenmu da ita ake yaudararsu. Inbata kamar bakin famfo ce, batir shi ne tanki. Komai faɗin bakin famfo, in tankin ƙarami ne, sai dai ruwan ya ƙare da wuri. Abin tambaya shi ne: daga magariba zuwa fitowar rana, wuta nawa gidanka ke sha?

Mu yi lissafi da yunit, irin na mita mai kati. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya.

Fankar sama irin ta da tana cin kusan wat 75. Huɗu, wat 300 ke nan. A bazarar Sakkwato ba mai kashe fanka, mu ce awa 10, yunit 3. Ƙwai 10 masu wat 10, awa 5, rabin yunit. Talabijin da dikoda awa 4, kusan sulusin yunit. Firiza in ta kwana kunne, tana ɗauka tana sakewa, ka ware mata yunit 1. Ita kanta inbatar tana cin nata ko ba ka kunna komai ba, kusan rabin yunit a dare. Jimla ka haura yunit 5 da ɗan kai.

Yanzu tubula. Guda ɗaya bolt 12 sau 220, yunit 2.6 ke nan. Biyu, yunit 5.2. A takarda kamar ya isa. Amma irin wannan batir ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi tsawon rai. Ashe abin da kake da shi na gaskiya yunit 2.6 ne, buƙatarka kuma ta ninka haka. Ko dai wuta ta ɗauke maka wajen ƙarfe ɗaya na dare, ko kuma a saita inbatar ta riƙa tatse shi ƙarƙaf kullum, ka bi sahun Kawu.

Litiyom mai yunit 5 ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, wato yunit 4 zuwa 4 da rabi. Ka lura, shi ma bai cika kai ka asuba ba in ka bar gidan yadda yake.

Baban Ilham (Mabera):
Innalillahi. Injiniya, wato ko na ciyo bashin dubu 600 ɗin ma ban tsira ba?

Injiniya (Gawon Nama):
Ka tsira, amma ba da ƙarin batir ba. Fankokin nan su ne ɓarayin gidanka. Akwai fankar sama ta zamani mai cin wat 30 ko ƙasa da haka, iskarta kuma ba ta da laifi. Huɗu awa 10, yunit 1.2 maimakon 3. Ka ga ka rage kusan yunit 2 a dare guda. Je ka tambayi kuɗin batirin da zai ba ka yunit 2, ka kwatanta da kuɗin fanka huɗu, za ka sha mamaki. Sannan a bi tsarin Hajiya Maman Walid a kashe firiza da dare, an sake rage yunit 1. Darenka ya dawo yunit 2 da rabi. A nan litiyom zai kwana da rabin cikinsa, tubula biyu kuma suna bakin gaɓa, ba su da sararin kuskure ko na dare ɗaya.

Sumo da guga kuwa tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe biyu na rana, lokacin fanel na ba da wuta kai tsaye. Kuma ba a haɗa su lokaci guda. Sumo da firiza in za su tashi suna fizgar ninki uku ko fiye na abin da suke ci, na ɗan daƙiƙoƙi. A nan ne kaɗai kVA ɗin ke da amfani, kuma 3.5 ta ishe ka. Esi kuma ka manta da shi a wannan tsari. Mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen wat 800 zuwa 900, a tubula biyu awa uku ya gama da kai.

Ɗan Minanata:
Ni fa duk wannan lissafi ban ga ribar ba. Miliyan uku! Da wannan kuɗi mai nawa za ka sha a janareta?

Abu Sumayya:
Lissafa mana. Mu ce lita dubu ɗaya don sauƙi. Lita uku a dare, dubu 90 a wata, sama da miliyan ɗaya a shekara. Ban da baƙin mai, ban da kanikawa, ban da faɗa da maƙwabta kan ƙara. Shekara uku ba ta cika ba ka ƙone kuɗin solar, kuma ba ka da komai a hannu sai hayaƙi.

Ɗan Minanata:
Wannan lissafin masu sayarwa ne. Mutumin nan da bakinsa ya ce ba ya tayar da janaretan, waje yake kwana. Wanda ba ya kashe dubu 90 a wata ta ina zai yi tattalin dubu 90? A gaya masa gaskiya, barci zai saya da miliyan uku, ba jari zai zuba ba.

Baban Ilham (Mabera):
Ɗan'uwa ka faɗi gaskiya, kuma na yarda barcin nake saye. Wanda ya taɓa riƙe jaririya tana kuka ƙarfe biyu na dare a watan Afrilu, bayanta duk ƙurajen zafi, yana yi mata fifita da kwali, ya san farashinsa. Firizar ce kawai nake fatan ta riƙa maido wani abu.

Malamar Kimiyya (Bado):
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ya bambanta mu da mutanen Jos ko Legas: zafi. Mutane na cewa ai Sakkwato gidan rana ne, sola sai ta fi aiki. Haske fanel yake so, ba zafi ba. Lambar da ke rubuce a bayansa an auna ta ne yana kan digiri 25. A kan kwanonmu a watan Afrilu, iska kanta ta haura 40, jikin fanel yana iya kai 65. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan sulusin kashi ɗaya cikin ɗari. Digiri 40 ke nan a sama, an tafi da kusan kashi 14. Mai wat 550 ya dawo 470 tun kafin a yi maganar ƙura da asarar waya. Shi ya sa ba a manna fanel a jikin kwano, a bar aƙalla taƙi ɗaya a ƙarƙashi iska ta riƙa wucewa.

Batir ma haka, har ya fi. Irin su tubula, ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa kusan biyu. Kawu, a wane ɗaki aka ajiye naka?

Kawu na Runjin Sambo:
Wani ɗan sito na bakin zaure, kwano ne ba silin. Da rana ko kaza ba ta shiga.

Malamar Kimiyya (Bado):
To Kawu, ba ruwa, ga gashi. Wata goma sha huɗu ma sun yi maka kara. Litiyom ya fi jure wannan yanayi amma shi ma zafi na rage masa kwana, kuma in ya yi yawa na'urar da ke cikinsa tana yanke caji. A nema masa wuri mafi sanyi a gidan, inda iska ke shiga. Tubula kuma kada a sa shi a ɗakin kwana, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji.

Abin da ke ba ni takaici, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan garin tun farkon shekarun 1980 tana aiki kan hasken rana, amma mu har yanzu ilimin solarmu a bakin mai shago muke ɗauka.

Abu Sumayya:
Malama na yarda da batun zafi. Amma bari in kare tubula sau ɗaya tak in yi shiru. In nawa ya mutu, na san abin da ya kashe shi, kuma masu sayen tsohon batir za su ba ni wani abu saboda dalmar da ke ciki. Litiyom akwati ne rufe. Ka san abin da aka zuba a ciki? An sha buɗe wani a tarar tsofaffin ƙwayoyin batir ne aka yi wa sabuwar riga. In ƙwaƙwalwarsa ta ƙone, wa zai gyara maka a Sakkwato? Sai a ce a kai Kano ko Legas, ka yi wata biyu kana jira. Talaka ya sayi abin da ya san kansa.

Injiniya (Gawon Nama):
Maganarka akwai ƙamshin gaskiya, jabun litiyom ya yi yawa. Amma jabun tubula ma ai ya cika kasuwa, a rubuta 220 alhali ko 150 bai kai ba. Na gaske dai da na gaske: tubula mai kyau a yanayinmu, da kulawa irin taka, shekara biyu zuwa huɗu. Litiyom irin LiFePO4 masu ƙera shi na rubuta caji sau 3000 zuwa 6000. Ko ka yanke rabi saboda zafi da ƙarin gishirin 'yan kasuwa, ya fi. Kuma kai Abu Sumayya mutum ne mai duba ruwa duk wata. A cikin gida goma da na sa wa tubula, da wuya in sami biyu masu yi. Wasu ma ruwan famfo suke zubawa, alhali tataccen ruwan batir ake sawa.

Ga yadda Malam zai kare kansa, ko wanne ya zaɓa. Ka tafi da abin awo. Fanel mai wat 550 na gaske tsawonsa kusan mita biyu da kwata ne, faɗinsa mita ɗaya da ɗan ɗori, nauyinsa wajen kilo 27. Fanel na yanzu yana ba da kusan wat 210 a kowace murabba'in mita. In ka ga ɗan ƙarami an liƙa masa takardar 550, takardar ce kawai 550. Litiyom mai yunit 5 ya kamata ya haura kilo 40. In yaro ɗaya ya ɗauko shi da hannu guda yana murmushi, akwai magana. Kuma ku yi sharaɗi kafin ka cika kuɗin aiki: a cika batir, a kashe fanel, a kunna kaya na wat 500. Litiyom ɗin ya kamata ya kai awa bakwai zuwa takwas. In ya mutu a awa huɗu, a ɗauke shi.

Baban Ilham (Mabera):
Allah ya saka da alheri. To fanel ɗin fa? Na farko huɗu, na biyu huɗu. Zan iya farawa da manyan guda biyu in rage kuɗi, in ƙara daga baya?

Injiniya (Gawon Nama):
Huɗu da huɗu ba ɗaya ba ne. Na farko wat 1200, na biyu 2200. A nan muna samun kamar awa biyar da rabi na cikakkiyar rana. In ka cire kwata na asarar da Malama ta faɗa, na farko zai ba ka kusan yunit 5 a wuni, na biyu kusan 9. Gidanka dare da rana, da firiza da sumo da guga, yana neman 7 zuwa 8. Na farkon ba zai taɓa cika batir ba, kuma tubular da ba ta cika kullum ita ce ke saurin mutuwa. Ka ga tsarin nan ta ko'ina a gajarce yake.

Maganar farawa da biyu, duba takardar inbatar. Da yawa daga cikin na yanzu cajarsu ta MPPT, wato sashen da ke karɓar wutar fanel ya cika batir, ba ta tashi sai wutar fanel ta kai bolt 120 ko kusa. Kowane babban fanel yana ba da wajen bolt 41 a bakin aiki. Biyu ba su tashe ta ba, uku da ƙyar, huɗu daidai. In za ka rage, kada ka rage a nan. Fanel ma yanzu shi ne mai araha a cikin kayan.

Kada kuma ka ce za ka sayi tubula biyu bana ka ƙara biyu baɗi. Tsohon batir yana jan sabo ƙasa.

Hajiya ta Gwiwa:
Ku yi masa maganar iska. Farkon daminar bara guguwa ta ɗauke wa maƙwabcinmu fanel biyu tare da kwanon da aka ɗaura su a kai, aka tsince su a gida na uku. Allah ya kiyaye ba su faɗa kan kowa ba. Da wayar ɗauri aka ɗaure su kamar kayan amalanke.

Injiniya (Gawon Nama):
Hajiya kin taimaka. Hadarin Mayu da Yuni ba ya wasa. A yi ƙarfen zama, a ɗaure shi da noti a jikin katakon rufi, ba a fatar kwano ba, a toshe hujin da kyau saboda yoyo. Fanel ya kalli kudu, a ɗan kishingiɗe digiri 10 zuwa 15, tunda muna kan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. Wanda bai gane kudu ba, ka fuskanci alƙibla, kusan hannun damanka ke nan. Kada a shimfiɗa shi kwance ɗam, ƙura za ta zauna ruwa kuma ba zai wanke ta ba. A kula da inuwar tankin ruwa da ta dogon yaro. Inuwa a kan fanel ɗaya tana rage wa duk layin.

Sai waya, inda masu aiki suka fi cin riba a ɓoye. A tsarin bolt 24, in kana jan wat 2400, amfiya 100 ke bin wayar batir. Tana son kaurin 25mm zuwa sama, jan ƙarfe zalla. Ka kankare bakinta da wuƙa, in cikin fari ne alminiyam ce aka shafa wa ja. A sa abin yanke wuta tsakanin batir da inbata, da tsakanin fanel da inbata, na DC, wato irin wutar batir da fanel, ba na gida ba. A kafa ƙarfe a ƙasa saboda tsawa. Duk a rubuta maka su a takardar farashi, ɗaya bayan ɗaya. Kalmar "da komai" ita ce ke cinye mutane.

Maman Walid (Arkilla):
Da hunturu kuma sai wanki. Sati ɗaya in ba a goge ba, firizata da kanta take gaya mini, ƙanƙara ba ta kamawa. Walid ke hawa duk Asabar bayan sallar asuba da bokiti da tsumma mai laushi. Ban da tsakar rana, gilashi ya ɗau zafi a watsa masa ruwan sanyi. Ranar da hazo ya rufe gari kuwa ko an wanke sai haƙuri, ranar ba na zuba ruwa da yawa.

Ɗan Minanata:
Mu 'yan haya fa? Ka huda wa mai gida kwano ya ce ka biya rufi.

Abu Sumayya:
Ni ma haya nake. Ƙarfe na sa aka yi mini a tsakar gida kamar rumfa, fanel a sama, akuyoyi na shan inuwa a ƙasa. Ranar tashi in kwance abina. Wanki ma ya fi sauƙi, ɓarawo kuma sai ya shigo gida kafin ya kai gare shi.

Abu Hanifa (Tudun Wada):
Tunda kuɗinsa bai cika ba, akwai masu bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Sai dai suna ƙara farashi. Wannan ba riba ba ce?

Malam na Kofar Atiku:
Jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya da wa'adi tun wurin ƙulla ciniki. Inda matsala take shi ne a ce in ka yi jinkiri kuɗin zai riƙa hawa. Ya karanta takardar da kyau, ya kai wa malamin da ya yarda da shi kafin ya sa hannu. Wallahu a'alam.

Kawu na Runjin Sambo:
Ni dai shawarata guda: wanda zai yi maka aiki, ka san shagonai, ka san gidansu, ka san ubanai. Kuma kar ka ba shi kuɗɗi duka.

Baban Ilham (Mabera):
Jama'a na dawo, yau kwana 19 da gama aiki. Na ɗauki na biyun. Ga yadda kuɗin ya cika: na sayar da janareta, uwargida ta kawo dubu 300 na adashinta bisa sharaɗin ba mai kunna sumo ko guga sai firiza ta yi awa uku tana aiki, sauran kuma ƙanena ya ranta mini zuwa bayan Sallah.

Na je da abin awo kamar yadda Injiniya ya ce. Fanel daidai. Amma da na kankare wayar da yaransa suka kawo, fara ce sol a ciki. Ya ce kuskuren shago ne, na ce to a mayar wa shago. Aka yi ɗan cacar baki, washegari aka kawo ta gaske. Na riƙe dubu 150 har aka yi gwajin batir, ya yi awa bakwai da minti arba'in.

Fanka biyu kawai na iya canzawa, ɗakina da na yara. Da asuba batir na nuna kashi 43 zuwa 45. Dare ɗaya aka manta firiza kunne, muka tashi a 24. Ba a sake mantawa ba.

Abu Sumayya:
Ma sha Allah, Allah ya sa albarka. Mu haɗu nan da shekara uku mu ga wa zai fara sayen batir, ni ko kai.

Injiniya (Gawon Nama):
Madalla. Ka sa a saita inbatar ta riƙa yankewa a kashi 20. Kuma lambobin nan na yanzu ne, Afrilu na zuwa, fankoki huɗu za su kwana suna juyawa. Ka yi ƙoƙari ka canza sauran biyun kafin nan.

Kawu na Runjin Sambo:
Injiniya, tunda kana nan, baturan ga huɗu da jikoki ka zama bisa, in an ba su ruwan yanzu suna tashi?

Injiniya (Gawon Nama):
Kawu, shekara biyu a bushe? Ranka ya daɗe, a kira masu sayen dalma. Amma a auna a gabanka, kuma a hana yaran zama a kai, ruwan cikin yana ƙona fata.